Haɗin Hajj Mitwalli

Shekara talatin Hajj Mitwalli yana sayar da maganin gargajiya a shagonsa da ke garin Tanta a ƙasar Masar, kuma abin da ya fi fita shi ne haɗin ciwon suga: hulba, kirfa, ganyen zaitun, da wata saiwa mai ɗaci da ake kawo masa daga Kudu. Da 'yarsa Rawiya ta fara digiri na biyu a fannin magunguna, shi da kansa ya cika mata kwalba.

"Kai wa ɓerayenki na gwaji," ya ce. "In sun warke su zo su yi mini godiya."

Ɓeraye arba'in ta raba gida biyu, duk masu ciwon suga. Rabi tana ɗura musu haɗin kowace safiya, rabi ruwa zalla. Cikin sati uku sugan masu shan haɗin ya sauka. Da ta faɗa masa a waya, ranar duk layinsu sai da suka sha shayi kyauta.

A sati na goma sha biyu ta feɗe su. Hantar masu shan ruwa ja ce sumul. Ta sauran kuwa ta kumbura ta yi rawaya, kitse har yana manne mata a safar hannu. Ta sake gwadawa da sababbin ɓeraye. Haka dai.

Ranar Juma'a ta ajiye masa hotunan hantar ɓerayen kusa da kwanon miyar lalo.

"Sugan ya sauka ko bai sauka ba?"

"Ya sauka, Baba, amma dubi hantar."

"Hantar ɓera! Ni ɓera ne? Gwaggonki Fatahiyya ɓera ce? Shekara tara tana sha."

"Ban ce lallai haka yake yi wa mutum ba. Ka dakata da saiwar nan kawai, har a bincika."

"Na tura ki karatu, kin dawo kina koya mini sana'ata. Ci abincinki, Dakta."

Bayan sati biyu ta bi ta shagon, ta tarar da sabon allo a bakin ƙofa: AN GWADA A JAMI'A, YANA SAUKAR DA SUGA. A ƙasa ga sunanta da jan fenti.

"Baba, don Allah ka cire."

"Nuna mini kalma ɗaya ta ƙarya, in cire yanzu."

Ta duba, ba ta samu ba.

Ta ja gwaggon tata asibiti. Hoto ya nuna kitse a hanta, amma likita ya ce ciwon sugan kansa na iya jawo haka. Wannan magana kaɗai Hajj ya riƙe. Sakamakon bincikenta na ɓeraye kuwa ya fito a wata mujallar waje da babu mai karanta ta a Tanta.

Rawiya ta daina bi ta layin. Duk da haka wata tsohuwa ta gane ta a motar haya, ta kama hannunta.

"Ke ce 'yar Hajj? Allah ya yi miki albarka, 'yata. Da tsoron haɗin nake, sai da na ga sunanki na fara ba maigidana."