Gonar Baba a Bango

Shekara tara Baba bai taka masana'antar tayal ɗin da aka gina a kan gonarsa ba. In hanya ta bi da shi ta wurin, sai ya kau da kai ya ja tsaki. Da manajan wurin ya ba ni aikin zana gonar a bangon ɗakin cin abincin ma'aikata, na karɓa, ai kuwa Baba ya ɗauke mini wuta. Wata uku, daga amsa gaisuwa ba ƙari. Abin ya ci mini rai, don ni ce 'yar lelensa.

Ranar buɗe zanen, da ƙyar Inna ta jawo shi. Manaja ya tsaya da biro a hannu yana yi wa baƙi fassara.

"Kun ga inda hayaƙin masana'anta ya haɗu da gajimare? Jiya da gobe ne suka rungumi juna!"

Aka tafa. Ni dai na san fenti ne ya zubo mini a wurin, na murje shi da yatsa.

Baba bai tafa ba. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bango.

"Wa ya yi wannan huɗar?"

"Ni ce, Baba."

"Ke kika ja kunyoyi suka bi gangare? Ruwan farko zai kwashe shukar ya zuba a rafi! A gicciye ake yin su."

Manaja ya yi murmushi. "Baba, ai alama ce. Tana nuna yadda zamani ke tafiya..."

"Yaro, ka taɓa riƙe fartanya?"

Manaja ya dubi bironsa, ya mayar da shi aljihu.

Baba ya naɗe hannun riga. "Miƙo mini abin shafawar."

Na miƙa masa burushin. Ya dinga jan layi a karkace, fenti na ɗiga a takalminsa, yana faɗa da gonar kamar tana jin sa. Baƙi suka watse, ma'aikata suka shigo cin abinci, bai ko waiwaya ba. Zanena ya lalace sarai, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Da ya gaji, ya goge hannu a rigarsa, ya dube ni.

"Gobe da sassafe mu dawo, ni da ke. Saura ɓangaren rafi. Ba a barin gona rabi da rabi."