Sana'ar Matar Yariko

Gazala ce ke da masaukin fatake a unguwar Yahudawan tsibirin Jarba, kuma ba ta wasa da sunan gidanta. Wata Asabar ta sauke tukunyar tafina da ta kwana a kan garwashi, wake da nama sun narke, sai ga maza sun dawo daga majami'a: mijinta Halfun maƙerin azurfa, ƙaninsa Bugid, da tsohon kawunta, malamin addininsu Rabbi Makikis, yana dogara sanda.

"Uwargida, yau labarin 'yar'uwarki aka karanta," in ji Halfun. "Matar nan ta Yariko da ta ɓoye 'yan leƙen asirinmu biyu a kan soro. Mai masauki ce kamarki."

Bugid ya tuntsire da dariya. "Haba Yaya, wane masauki? Kalmar da ke rubuce karuwa take nufi."

Halfun ya ce, "Ƙarya kake! Dangin kalmar abinci ce. Abinci take sayarwa!"

Gazala ta ɗaure fuska. Ta mayar da murfin tukunya, ta dafe.

"Ba mai ɗanɗana ko ƙwayar wake sai an raba gardamar nan. Kawu, kai ne malami."

Tsohon ya dubi tukunyar, ya haɗiye yawu.

"'Yata, magabata ma sun rabu biyu. Wasu sun bi Halfun, wasu sun bi wannan ja'irin. Amma ba wanda ya musa cewa sarkin Yariko ya aiko ta miƙa baƙinta ta ƙi, ta kuma tsirar da iyayenta da 'yan'uwanta ranar da aka ci garin. Masu cewa karuwa ce ma yabonta suke yi, don daga nesa ta taso ta zo ga Ubangiji."

"Ke nan ko ta ina ita ce da riba?"

"Ko ta ina. Buɗe mana, don Allah."

Gazala ta yi murmushi. "To, ni dai ta masauki na ɗauka. Macen da ta cusa ƙatti biyu ƙarƙashin rama ba wanda ya gani, ta saba da baƙi."

Ta zuba wa kawu ƙwai biyu, Bugid kuwa ƙashi ta fara miƙa masa.

"Matar Yaya, na tuba!"

Sai da ya maimaita da ƙarfi ta ƙara masa nama. Da lokacin addu'ar yamma ya yi, wa da ƙani suka fita suna ci gaba da musu har lungu, ita kuwa ta shige ɗaki ta yi barcinta.