Ɗakin Shayarwa a Kulle

Matan da nake koyarwa Malamar Nono suke ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya suka faɗa. Aikina ke nan a ƙungiyarmu mai kula da lafiyar uwa da jariri: in ɗauki 'yar tsanar roba da wani nonon ƙyalle da aka cusa wa auduga, in tsaya gaban masu jego in nuna musu yadda ake riƙe yaro da yadda bakinsa zai kama. Sannan in ja musu kunne: wata shida cur, nono zalla, ko ruwa kar a ɗiga masa. Da cikina ya fito har tsiya suke yi mini, wai yanzu za a ga malama a aikace.

Na haifi 'ya mace, kakarta ta laƙaba mata Kumatu, don ta zo duniya kamar ta ɓoye wani abu a baki. Madam, shugabarmu, ta zo duba ni da kanta. Ta ɗauki yarinyar ta yi ta jijjigawa, ta ce in huta sosai, ai mu a ƙungiyar nan dangi ne. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce wadda ta riƙe mini aiki tana ƙoƙari matuƙa, har masu ba mu tallafi sun fara sanin sunanta. Na gane karatun. Ni 'yar kwantiragi ce, bayan 'yan watanni ake sabunta mini ko a ƙi, ga masana'antar da baban Kumatu yake aiki ta rufe tun ina laulayi. Albashina ne ke ɗora tukunya a gidan. Yarinya ba ta cika wata biyu ba na ɗaure ciki na koma.

Ban tsorata sosai ba, don muna da ɗakin shayarwa. Kowa a ofis yana alfahari da shi. Yana ƙarshen baranda, kusa da sito, an yi masa fenti ruwan hoda, da kujera mai lilo, da labule mai furanni, da ɗan firiji fari tas. Ranar da aka buɗe shi ni na riƙe zaren da aka yanka. Lissafina shi ne in riƙa tatsa sau biyu ko uku a rana, in ajiye a firijin, in kai wa uwar mijina, Inna, ta ba yarinyar washegari.

Ranar farko na murɗa ƙofar na ji ta gam. Makullin yana hannun jami'in gudanarwa, wani mutum mai laushin murya da muke kira Sai-Gobe, ba sai na faɗi dalili ba. Ya yi mini barka, ya tambayi mai jego da jaririya kamar ba ni ce mai jegon ba, sannan ya ce ɗakin ana adana shi ne saboda baƙi. In aka bar shi buɗe kujerar za ta yi dauɗa, labulen ya koɗe, masu tallafi su zo su ga abin da ba shi ke nan ba. Amma zai yi wa Madam magana, in dawo gobe. Na dawo goben, na dawo jibi. Wata rana makullin yana jakar Madam, wata rana Madam tana taro, wata rana shi kansa makullin ba a san inda ya kwana ba.

Na nemi a bar ni in zo da yarinyar. Doka ta hana zuwa da yara wurin aiki. Na ce to ranakun da muke fita ƙananan asibitoci in goya abata, a can ai kowace mace da nata. Motar ƙungiya ba ta ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba. Na tambayi direba ko jaririya 'yar wata biyu za ta cinye masa mai ne, ya yi dariya ya ce shi ma umarni aka ba shi.

Banɗaki ya zama ɗakin shayarwata. Ina rufe murfin masai in zauna a kai, kofi a tsakanin cinyoyi, ina tatsa ana ƙwanƙwasa mini ƙofa. Duk wadda ta taɓa yi ta san nono ba famfo ba ne, ba ya zuwa in ranki a tashe yake. Ɗan abin da na samu na kai wa Sista, nas ɗinmu, ta sa mini a firijin allurar rigakafi. Matar nan ta dube ni idonta ya kawo ruwa, ta ce wallahi ba za ta iya ba, ko lemo aka gani a ciki aikinta ya tafi, kuma na san gaskiyarta. Na riƙa zuba shi a kwalba, in ƙunsa ta a jiƙaƙƙen tawul a cikin jaka. Kafin in sha cunkoson mota in kai gida, wani lokaci ya riga ya juya. Na sha tsayawa a bakin wurin wanke-wanke ina zubar da shi ina zagin kaina.

Ga tarurruka. Kai, ƙungiyar nan da taro! Taron shirya taro, taron bitar taron da aka yi, kuma duk a lokacin hutun rana ake sa su, don kar a taɓa lokacin aiki. Ina zaune ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, ciwon har hammata, ana gardama a kan launin rigar da za mu sa a makon shayarwa. Rannan rigata ta jiƙe ta gaba. Madam ta lura, ta miƙo mini gyalenta da murmushi, ta ce wa 'yan taro su dube ni, wannan ita ce sadaukarwa. Aka tafa mini. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Inna ba ta da waya mai hoto, amma ta iya hukunci. In ta kira ba ta cewa komai, sai ta kara wayar a bakin Kumatu in ji kukan, sannan ta kashe. Ba mugunta ba ce, tsohuwa ce aka bar wa jaririya mai yunwa da rabin kofi. Wata rana na dawo na tarar da gwangwanin madara a kan tebur, da kwalba mai bakin roba a cikin ruwan zafi. Baban Kumatu ya sunkuyar da kai yana gyaran rediyon da ba abin da ya same shi. Na buɗe baki zan fara karatun da na saba, Inna ta ɗaga mini hannu.

"Malama, ajiye darasin nan a ofis. Yarinya tun hantsi take kuka har muryarta ta dishe. In kin ga laifi, ki zauna ki ba ta."

Na juya wurin yarinyar. Kumatu tana barci, cikinta ya yi ɓul-ɓul, irin barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Daga nan abin ya fara zame mini. Yarinya ta ɗanɗana kwalba mai zuba ba wahala, in na ba ta nawa sai ta ja kaɗan ta saki ta yi tsaki irin nasu. Nonon kuma da ya ga ba a nemansa, ya fara ja da baya. Na san duk wannan, ni nake koyar da shi. Na san kuma akwai ɗan lokacin da in aka dage zai dawo, in ya wuce shi ke nan. Abin da nake tsoro ke nan, kuma kullum da safe in na taɓa ƙirjina sai in ji ya ƙara laushi.

Na shiga wurin Madam na faɗa mata komai, har da murfin masai. Matar nan ta iya sauraro, ba a raba ta da wannan. Ta rufe kwamfutarta, ta zagayo ta riƙe hannuna, ta ce ta ji ni har cikin ranta, ita ma uwa ce. Ta ce za a kafa kwamiti ya duba yadda ma'aikata za su riƙa amfani da ɗakin ba tare da ya lalace ba, kuma ni za ta sa sakatariya. Kwamitin ya zauna sau ɗaya, a lokacin hutun rana.

Ana nan sai labari ya zo masu tallafi za su kawo ziyara. Ofis ya rikice da shara da goge-goge. Sai-Gobe da kansa ya zo teburina, makulli na lilo a yatsansa, ya ce Madam ta ce in zo da jaririyata ranar, za a ɗauke mu hoto a ɗakin shayarwa, a nuna ƙungiya tana yin abin da take faɗa. Na tambaye shi dokar hana zuwa da yara fa? Ya ce an ɗage ta na yini ɗaya. Na so in ce a'a, Allah ya sani na so. Amma kwantiragina saura ƙiris ya ƙare, kuma wata zuciyar ta ce mini in baƙi suka gan ni a ciki, wataƙila kunya ta hana a sake kulle shi.

Ranar ziyarar Inna ta rako ni, da jakarta a hammata. Ɗakin yana warin fenti da na daɗewa a rufe, firijin ko jona shi da lantarki ba a taɓa yi ba, ledarsa ma tana jiki. Na zauna a kujera mai lilo, ta yi daɗi ƙwarai, abin haushi. Baƙi suka cika bakin ƙofa, mata biyu da namiji ɗaya da mai hoto, Madam a gabansu tana bayani. Na yafa mayafi na sa Kumatu a nono.

Ta kau da kai. Na gyara ta yadda nake nuna wa mata, ciki da ciki, hanci daidai kan nono, na shafa leɓenta. Ta kama, ta ja sau biyu, ta saki ta ƙwala ihu. Na juya ta ɗaya ɓangaren. Ta banƙare, ta sa ɗan hannunta ta tura ƙirjina, fuskarta ta yi jawur. Na matsa da yatsuna a ɓoye don in taimaka mata, ɗigo ɗaya ya fito, na biyun ya ƙi. Gumi ya keto mini. Baƙi suna murmushin haƙuri, ɗaya tana cewa wataƙila mutane ne suka yi mata yawa.

Madam ta nemi su ɗan ba mu wuri, su leƙa sito tukuna. Da suka juya baya ta sunkuyo kunnena, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata, ba sai ta sha ba. Ki dai samu ta yi shiru, hoto ɗaya ne."

Inna, wadda tun shigowarmu take tsaye a lungu ba wanda ya ce ta zauna, ta zuge jakarta ta fito da kwalbar, ta riga ta haɗa tun daga gida. Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga gefen mayafina ta tura ta ciki, ta ja mayafin ta rufe har gwiwar hannuna. Madam ta gani sarai. Ta gyara mini wuyan riga, ta koma bakin ƙofa ta kira baƙi.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar haɗiya, ƙwat, ƙwat. Ɗaya daga cikin baƙin mata ta dafa ƙirji ta ce abin ya taɓa zuciyarta. Mai hoto ya durƙusa ya ce in dubi jaririyar, kar in dube shi. Na sunkuya na leƙa cikin mayafin. Kumatu ta rungume kwalbar da hannu biyu, idonta a lumshe, nonona yana gefen kumatunta ko ta kansa ba ta bi ba. A nan na san ya wuce, ba zai dawo ba.

Hawaye ya zubo mini, na kasa tare shi. Mai hoto ya ce kar in share, haka ya fi kyau.