Tafarnuwar da Damte Ya Wanke

Wari ne ya tari Wubit tun daga bakin danga, kafin ma mijinta ya tare ta. Mako uku ta yi a birnin Bahir Dar wurin 'yarta da ta haifi tagwaye, ta dawo baki har kunne, tana raba gasasshen sha'ir ga duk wanda ta gamu da shi a hanya. Mu maƙwabta muna biye da ita da guɗa. Da muka shiga tsakar gida sai guɗar ta maƙale mana a wuya.

"Damte! Me ya mutu a gidan nan?"

Damte ya fito sanye da farin mayafinsa na zuwa coci, yana taku ɗai-ɗai. Hancinsa ya daina aiki tun shekarar da ƙudan zumansa suka yi masa taron dangi, wannan duk ƙauye an sani.

"Ba abin da ya mutu, kakar tagwaye. Zo ki ga aikin da na hutar da ke."

Ranar da aka aiko kiranta, Wubit ta gama cire tafarnuwarta ke nan, ta baje ta a inuwa da ganyenta da ƙasarta don ta sha iska. Abu biyu ta ce wa Damte: ya riƙa juya ta, kuma kada ruwa ya taɓa ta. In ta dawo za ta tufke ganyen dami-dami, ta rataye a jinka saman murhu, hayaƙi ya tsare mata ita har damina ta zagayo. Haka take yi shekara talatin da takwas. Irin na uwarta ne, mai jan bawo, mai yajin da ke sa ƙato hawaye. A ƙwarya marigayiyar ta ba ta shi ranar da aka kai ta ɗaki, kuma duk faɗin kasuwarmu ba mai irinsa.

Abokin gabarta ɗaya ne, ɓera. Kowace shekara sai dami ɗaya ya ɓace daga jinka, Damte ya girgiza kai ya ce ɓera ne, ita kuma ta fito tsakar gida ta tsine wa ɓeran da uwarsa da ubansa, da muryar da ake ji har bakin rafi.

To, ashe bayan tafiyarta Damte ya je kasuwar Asabar ya ga tafarnuwar ƙasashen waje, fara tas a cikin raga, ba ganye ba ƙasa. Kishi ya kama shi. Wai don me ta matarsa za ta ƙare cikin kunkunniya, ta baƙi tana sheƙi? Ya dawo ya wasa wuƙa. Kwana uku yana yanke ganye, yana ɗauka zuwa rafi yana wankewa kai ɗaya-ɗaya, yana ɓare bawon sama. Ya zuba ta da lemarta a buhunan taki masu leda a ciki, ya ɗaure baki tamau don kada ƙura ta shiga, ya tura ƙarƙashin gado. Wallahi da zuciya ɗaya ya yi, har bayansa ya riƙe.

Shi da kansa ya jawo buhun farko ya kwance mata, yana jiran yabo.

Sai da muka ja da baya. Funfuna ta lulluɓe komai. Wubit ta sa hannu ta ɗauko kai ɗaya, ya narke mata a tafi. Ta kwance buhu na biyu, ta kwance na uku. Muka zazzage su a ƙasa muna tonawa da tsinke, mu mata huɗu, ko za a sami mai rai. Ba mu sami ko ɗaya ba.

Ba ta yi ihu ba, abin da ya tsorata mu ke nan. Wubit da ke yi wa kaza faɗa don ta kalle ta, yau ta zauna a kan turmi, hawaye na sauka a kan sabuwar rigar da 'yarta ta ɗinka mata. Ni kaina na ji tausayinta har cikin ƙashi, don na san tsohuwar da ta ba ta ƙwaryar nan.

Damte ya durƙusa a gefe, mayafin ya zame masa daga kafaɗa.

"Zan sayar da zuma in sayo miki wata. Buhu biyar ma."

"A wace kasuwa ake sayar da uwata?"

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallonsa. Can sai ta goge hannu a gefen zane, ta share ido.

"Damte. Bana ɓeran ya zo?"

"Wane ɓera kuma? Ai ba ki rataye ba tukuna."

"Tambayarka nake. Ya zo ko bai zo ba?"

"Ni ina zan sani? Ɗan uwansa ne ni?"

"Kai, tsohon nan! Shekara talatin da takwas kana huro mini tafarnuwa da zuma a fuska kowace safiya. Hancinka ne ya mutu, nawa lafiyarsa ƙalau. Na rantse da Maryam, in bana ne ka ga damar zama mutumin kirki, yau zan koma gidan ubana."

"Gidan ubanki ai ya zama gonar wake."

"A cikin waken zan kwana!"

Damte ya dube ta, ya dube mu. Ya miƙe ya gyara mayafi, ya nufi bayan gida, mu kuma muka bi shi a jere. A can yake da 'yar bukkar da yake turara sababbin amya da hayaƙin kashin shanu, wadda ya ce mace ba ta shiga don kada ƙudan zuma su yi fushi. Ya sunkuya ya shiga. Ya miƙo dami ɗaya. Ya miƙo na biyu. Da ya kai na bakwai, Tiruye matar maƙeri ta faɗi ƙasa don dariya.

"Ɓeran bana da jaki ya zo!" in ji ta.

Manyan kawuna ne zalla, zaɓaɓɓu, da ganyensu da ƙasarsu, an tufke su daidai yadda Wubit ke tufkewa, sun bushe ƙayau. Ta matsa ɗaya da babban yatsa, ta ji shi da ƙarfi kamar dutse. Ta kai hanci ta shaƙa, ta yi atishawa, ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Irin zai ishe ta shuka, har ta ajiye wa tagwaye nasu.

"To, malamin wanki, me ya hana ka wanke wannan?"

Damte ya sosa ƙeya. "Wannan ai ta ci ce. Wa zai wanke ta ci, ta lalace?"

Guɗar da ta maƙale ɗazu ta dawo da ƙarfinta. Aka soya gahawa, aka fasa gugguru, aka sha zagaye uku ana tsokanar Damte, shi kuma yana cewa a dai riƙa tuna wanda ya ceci irin.

Kafin rana ta faɗi Wubit ta hau turmi ta rataye dami shida a can ƙololuwar jinka, inda hayaƙi ya fi taruwa. Na bakwai kuwa ta sauko ta maƙala shi a ƙusa bayan ƙofa, daidai ƙirjin mutum.

"Nan ai ɓera zai kai," in ji Damte.

"Na sani," ta ce, tana hura wuta. "Ya tsufa. Ba na so ya faɗo daga kan turmi."