Gahawar da Na Ƙona a Ogui

Shekara ashirin Kallamu yana koya mini dafa gahawa, shekara goma sha tara ina ƙona ta. Mijina ɗan Barno ne, gahawa a wurinsa ba abin wasa ba ce. A soya 'ya'yan a kasko kan garwashi mara ƙarfi, ana juyawa, da sun yi launin dabino a sauke. A daka da citta da ɗan kanumfari, ruwa ya taso sau uku, kada a bari ya yi ta tafasa. Ni kuwa ga yara ga tuwo, kafin in waiwayo sun zama gawayi. Duk layinmu a unguwar Ogui ta Inugu an san ƙaurin, har maƙwabta kan ce, "Matar Kallamu ta tashi." Sai a shekara ta ashirin hannuna ya faɗa. Ya kurɓa ya yi shiru, wanda a wurinsa yabo ne babba.

Shekarar kuwa ita ce 1966. Rikici ya ɓarke a Arewa, jiragen ƙasa suka fara sauke 'yan yankin da aka ji wa rauni a tashar Inugu, gari ya juya mana baya. Kallamu ya kai fatu Anacha ranar Litinin, har Alhamis babu shi babu labarinsa. Yara na sa su a jirgin Talata tare da ƙanena Muntaka. Ni na ce ba inda za ni sai da mijina.

Mai gidan da muke haya, Mama Obiageli, ta ɓoye ni a ɗakin ajiyarta na baya, ta ɗana wa ƙofarmu kwaɗo don a ɗauka mun tafi. "No fire," in ji ta. "Ko tari kada ki yi."

Jirgin ƙarshe da sojoji za su raka zai tashi ranar Alhamis ɗin da la'asar. Da hantsi na zauna ina tunani, sai na tuna da kwaɗon. In Kallamu ya hango kwaɗon nan zai ce na bi yara. Na san halinsa, ba zai ƙwanƙwasa ya jawo wa Mama masifa ba. Zai wuce tasha, ni kuma in zauna ina jiran wanda ya riga ya tafi.

Na hura gawayi, na juye duk gahawar da ke gwangwani a kasko, na buɗe taga. Da ta yi launin dabino hannuna ya miƙa da kansa zai sauke, na janye shi. Na bar ta ta yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya turnuƙe ya fita layi.

Mama ta faɗo ɗakin tana haki. "Ramlatu, you wan kill us?"

"Ki yafe mini, Mama. Amma kullum safiya nake ƙona gahawa a gidan nan, ban taɓa neman izinin kowa ba. Yau ma wutar nan ba za ta mutu ba."

Tsoro nake ji, amma ban sauke kaskon ba. Ba a jima ba samari huɗu suka tsaya a ƙofar gida da adduna. Ina leƙensu ta tsagar ƙyaure. Mama ta tare hanya ta ce wakenta ne ya ƙone. Ɗayansu a layinmu ya girma, ya ci tuwona ba adadi, ya san ƙaurin nan kamar sunansa. Ya shaƙa, ya dubi tagata.

"Na beans," ya ce, wato wake ne, ya ja sauran suka wuce.

Na daka, na dafa, na zauna. Azahar ta yi, ba ladan da zai kira ta. Sai na ji an diro ta katangar baya.

Kallamu ne, ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi, jini ya bushe a goshinsa. Tun jiya yana kwance a rumfar kafinta da ke bayanmu. Ya ga kwaɗo, yana jiran la'asar ya lallaɓa tasha, sai ƙaurin ya iske shi.

Na miƙa masa kofi. Ya kurɓa, ya ɓata fuska, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

"Ramlatu, kin ƙona ta."

"Na sani, Malam. Shanye, jirgi ba zai jira mu ba."