Taron Ƙofar Rumfar Hamidu

A Maradi ana cewa Gado ya fi kumandan iya tafiyar kumandan. Shekara tara yana kai takardu a biro, ofishin Baturen mulki, wai har tarinsa na Faransanci ne. Shi ya ce a riƙa kiransa Mushe, kamar yadda ake kiran Turawa, mutane kuwa suka karɓa da murna. Da aka sallame shi, ya ce zai nuna wa ƴan gari yadda ake kasuwanci.

Cikin azumi kullum yakan wuce ta gaban rumfar Hamidu tela bisa kekensa, bai taɓa sauka ba. Ƙofar kullum cike da mutane. Da ya ji za a sayar da rumfar, ya tafi Tsibiri wajen kawunsa Maliki, tsohon maɗinki. Yabo ya je nema.

"Ka bari sai bayan Salla," in ji Maliki. "Ba a sayen rumfar tela da azumi."

"Kawu, da idona na ga taro."

"Ka ji mi suke cewa?"

Gado ya yi dariya. "Ku mutanen ƙauye, komai sai an jira."

Saura kwana shida Salla ya saya. Hamidu ya miƙa masa makulli har da rusunawa, washegari ya kama hanyar Katsina.

Da hantsi taron ya zo. Wata tsohuwa, Uwani, da ƙafa ta tako daga Jiratawa.

"Ina taguwar jikana? Wata biyu ana ce mini gobe."

Na bayanta rigarsa yake nema, na bayan wannan wandonsa. Ba wanda ya kawo sabon aiki. A ƙurya Gado ya tarar da yadduka jibge, an yanka ba a ɗinka ba, ba a san na wane da wane ba. Shi kuwa ko zare bai iya saka wa keken ɗinki ba. Ya fara yi musu bayani da Faransanci.

"Kai, Mushe," in ji Uwani, "makulli na hannunka. Ba ni taguwa."

Da la'asar Gado ya isa Tsibiri yana tura kekensa, buhu biyu na yaddukan a kai. Maliki ya kwance, ya shiga haɗa hannu da jikin riga. Gado ya yi zancen rana, ya yi zancen rairayin hanya, ya zagi Hamidu. Tsohon bai ɗago ba.

Can Gado ya durƙusa.

"Kawu, na yi maka rashin kunya. Ka gafarce ni."