Amsar Baba Stoyna

Baba Stoyna tana goge bakin famfo da tsumma motar baƙi ta tsaya a ƙofar gida. Shekara biyu ke nan da aka jawo bututun ruwa ƙauyen nan na ƙasar Bulgariya, aka yi kiɗa aka gasa rago, kuma tun ranar ko ɗigo famfon bai zubar ba. Tari kawai yake yi, irin na marigayi mijinta. Ruwa sai ta gangara rafi da bokiti, ga gwiwa ta ƙi. 'Yarta Radka kuwa ta gama magana daga birnin Plovdiv: muddin ƙanƙara ta sauka ba ruwa, za ta zo ta kwashe ta zuwa bene hawa na bakwai. Stoyna ta gwammace kabari.

Nedyalko, shugaban ƙauye, ya riga kowa shigowa yana gumi.

"Baba, don Allah ki kama bakinki. Matar nan masu kuɗin aikin ne suka turo ta."

"Kai Nedyalko, ni fa na yanke maka cibiya. To na ji, ba zan ce uffan ba."

Baƙuwar doguwa ce daga wata ƙasa can arewa, ba ta jin yarenmu ko na zo in kashe ka. Tafintanta ya gyara murya.

"Baba, wai ruwa yana zuwa kullum?"

Stoyna ta cika alkawari, ba ta buɗe baki ba. Ta dai dubi baƙuwar ido cikin ido, ta gyaɗa kai sama da ƙasa har sau uku, yadda kowane ɗan halak a Bulgariya yake cewa a'a.

Baƙuwar ta washe baki, ta yi alama a takarda. Ashe su a ƙasarsu a juye suke yin abin. Tafinta ya buɗe baki zai gyara, Nedyalko ya taka masa ƙafa, ya ce abinci na hucewa, ga ƙauye tara na jira. Aka rubuta aiki ya kammala, aka tafi.

Stoyna ta shiga ɗaki zuciyarta fari tas, ta kira 'yarta a waya.

"Radka, kar ki ɓata man motarki. Na faɗa musu gaskiya a gaban kowa, a kan idona matar ta rubuta. Har daɗi ta ji."